Bakin Ruwan Tiga: Yadda Za Ki Kai Yara Yawon Yini Guda Ki Dawo Da Su Lafiya

Kano ba ta da teku. Ruwa mafi girma da yawancin yaranmu na birni suka taɓa gani da idonsu shi ne kududdufin unguwa idan damina ta yi nisa. Sauran kuwa a waya suke ganinsa: yaran Legas suna guje-guje a kan rairayi a Elegushi ko Tarkwa Bay, igiyar ruwa tana biyo su suna ihu. Daga nan ake fara tambayar da kowace uwa ta sani: "Umma, mu yaushe za a kai mu?"

Ba sai an je Legas ba. Kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano akwai ruwan da idan yaro ya tsaya a bakinsa ba zai hango ƙarshensa ba, wato madatsar ruwa ta Tiga. Kafin a kai can kuma sai an ratsa gonakin noman rani na Kura, Garun Malam da Bunkure, inda ƙasa take kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Tafiya ce ta yini guda, a fita da safe a dawo kafin magariba, kuma iyali masu matsakaicin ƙarfi za su iya yin ta.

Sai dai wannan ruwa yana da sharuɗɗansa. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abu biyu ne suka fi tsaya mini a rai idan aka ce za a kai yara bakin dam ko kanal: nutsewa da cutar tsargiya. Dukansu ana iya kauce musu, kuma yawancin aikin yana hannun uwa.

Ruwan da Audu Bako ya tara

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shekarun farin nan ne da ya addabi ƙasashen Sahel, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu. Aka tare Kogin Kano da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin kusan mita 48. Tafkin da ya taru a bayansa yana da faɗin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2.

Daga Tiga ne babban kanal yake ɗaukar ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan kanal-kanal da ke shayar da dubban kadada na Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi. Ruwan da aka saki cikin kogi kuma yana gangarawa ya haɗu da Kogin Challawa, ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi.

Kusa da Tiga akwai tafkin Bagauda, wanda ya ci sunan Bagauda, sarkin Kano na farko a tarihin da aka rubuta. Iyayenmu suna tuna lokacin da otal ɗin Bagauda yake tashe, ana zuwa hutu da biki. A yau harabar ta zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Suna kuma tuna watan Agustan 1988, lokacin da ruwan sama mai yawa ya fasa madatsar Bagauda, ya ci gidaje da gonaki da rayuka. A Tiga ma akwai tsohon otal ɗin Rock Castle da ke kan tudu yana kallon ruwa.

Ki ba yara wannan labari tun a gida. Yaron da ya san cewa mutane ne suka tara ruwan nan da hannunsu, kuma shinkafar da yake ci da ruwan aka noma ta, kallon da zai yi masa daban ne.

Hanyar ma kanta makaranta ce

Daga birni hanyar Zariya ake bi. A wuce gadar Tamburawa, inda matatar ruwan famfo take, a wuce Karfi da masu gasa masara, a shiga Kura, garin shinkafa da rini. Gaba kaɗan sai Kadawa, inda kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a 2016, sai Kwanar Gafan, kasuwar da ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. Daga nan a ci gaba har a ratse zuwa Bagauda da Tiga. Masu son ganin ɓangaren Bunkure suna iya bin hanyar Rano.

Idan da rani aka je, abin kallo ba ya ƙarewa. Ga alkama, ga albasa, ga attaruhu da tattasai, ga masara tana bunƙasa a watan da ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ga tumatir an yanka an shanya ana yin kauɗa. Ga manomi ya buɗe bakin fangali da fartanya, ruwa yana shiga, ya toshe ya buɗe na gaba. Ga balbela suna bin bayan garma. Yaro da yawa a birni bai taɓa ganin tumatir a jikin uwarsa ba, a tire kawai ya san shi.

Ki sa a tsaya sau ɗaya ko biyu, a wurin da mota za ta sauka daga kan titi sosai. A yi wa masu gona sallama, a nemi izini kafin a shiga. Kada yara su taka kunya, kada su tsinki komai sai an ba su. Mutanen yankin masu karamci ne, sau da yawa da kansu za su ciro wa yaro abin da za su ba shi. Idan za ki sayi kayan miya, ki saya a hannunsu. Amma idan kika ga ana feshin magani a gona, ki ja yaranki ku yi nisa, kuma duk abin da aka saya a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a kai baki.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. Rana ba ta da zafi sosai, gonaki sun yi kyau, hanya a bushe take. Abin lura kawai shi ne iskar bakin ruwa tana da sanyi, ga ƙurar hunturu. A tafi da rigar sanyi, kuma yaron da ke da asma kada a bar abin shaƙarsa a gida.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40. Lokacin ne yara suka fi kwaɗayin faɗawa ruwa, lokacin ne kuma jiki ya fi saurin bushewa. Idan a nan hutu ya faɗo, a fita da sassafe, a nemi inuwa kafin sha ɗaya.

Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ruwa yana cika, gaɓa tana santsi, hadari kan taso ba shiri. Ban ba da shawarar kai ƙananan yara a wannan lokaci ba.

Kowane lokaci aka zaɓa, a baro wurin da la'asar. Da zarar rana ta yi sanyi sauron gonakin shinkafa yake fitowa, kuma tuƙin dare a hanyar Zariya tare da manyan motoci ba abin so ba ne. Haka kuma ranakun Sallah cunkoso ya fi yawa, ido kuma ba ya iya bin yaro a cikin taro. Asabar ɗin da ba ta biki ba ta fi kwanciyar hankali.

Nutsewa ba ta da ƙara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Girman matsalar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli na kowace shekara a matsayin ranar rigakafin nutsewa. A nan gida ma, ba sai an gaya mana ba. Duk damina muna jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano cewa an ciro yaro daga kududdufi ko rijiya.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, nutsewa ba kamar yadda ake nunawa a fim take ba. Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kiran Umma. Duk ƙoƙarinsa ya ƙare a neman numfashi. Bakinsa yana fitowa yana komawa, kansa ya karkata baya, kamar mai wasa. A ƙasa da minti guda ya ɓace. Kina iya zama taku goma daga inda yake, kina duba saƙo a waya, ba ki ji komai ba. Ƙaramin yaro mai tatata kuwa ko ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa, idan ya faɗi ta fuska.

Kanal ya fi yaudara fiye da dam ɗin kansa. Ga shi siriri, kamar a tsallaka. Amma gefensa a karkace yake, an dafe shi da siminti, gansakuka ta kama shi, babu inda hannu zai riƙe. Ruwan yana gudu a ƙasa fiye da yadda ido ke gani, kuma yana jan abu zuwa ƙarƙashin kwalbati ko ƙofar ƙarfe. Babba ma da ya iya iyo yana shan wuya kafin ya fito. A dam kuwa, ƙasan ruwa ba a shimfiɗe yake ba. Taku biyu ruwa yana gwiwa, na uku ya faɗa rami, ga laka mai riƙe ƙafa, ga kututture da tsofaffin komar masunta. Manya suna cewa 'yan ruwa ne suka ja shi. Ko me aka kira abin, maganinsa ɗaya ne: kada a shiga.

Ga dokokin da za ki kafa tun kafin a hau mota:

Na farko, ba mai shiga ruwa, babba ko yaro. Ba wanka, ba tsoma ƙafa.

Na biyu, a shimfiɗa tabarma nesa da gaɓa. A ja layi a ƙasa da kara, a ce wa yara ba mai tsallake shi sai hannunsa yana cikin na babba.

Na uku, a naɗa mai gadi. Idan aka ce kowa yana kallon yara, to ba mai kallonsu. Mutum ɗaya ya ɗauki aikin na minti goma sha biyar, ya ajiye waya, ya bar hira, ya riƙa ƙirga kawuna. Idan lokacinsa ya cika ya miƙa wa wani da baki: "Yaya Binta, yanzu ke ce." Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma gadin ƙannenta. Ita ma yarinya ce.

Na huɗu, a sa wa yara kaya masu launi mai haske, ja ko ruwan lemo, don a hango su daga nesa.

Na biyar ya shafi samari da 'yan mata masu ɗaukar hoto. Ba hawa dutse a bakin ruwa, ba ja da baya ana neman hoto mai kyau. Mu mata kuma mu tuna cewa zani da dogon hijabi idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa.

Kusa da bangon dam da wurin da ake sakin ruwa kuwa, akwai jami'an da ke kula da wurin. A tambaye su inda aka yarda baƙi su zauna, a bi abin da suka ce.

Batun kwale-kwale

Za ki iya samun masunta da za su ce a kawo kuɗi kaɗan su zaga da yara. Yara za su yi ta roƙo. Kafin ki amsa, ki tuna da Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da ya ɗauko fasinjoji daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Don haka idan babu rigar kariya daidai jikin kowane yaro, ba a hawa. Rigar babba a jikin ƙaramin yaro ta kansa take zamewa. Idan an cika jirgi, ko iska ta taso, ko rana ta kusa faɗuwa, ba a hawa. Kukan yaro na minti biyar abu ne da alawa za ta share.

Tsargiya, baƙuwar da ke biyo mutum gida

A nan ne ruwanmu ya bambanta da na Legas. Ƙwayar tsargiya ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Ruwan daɗi take so, wanda yake kwance ko yake tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, irin na dam da kanal da gonar shinkafa. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya, kuma yankunan noman rani suna cikin inda ta fi kama yara.

Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar suka fita tare da fitsarin. Suka ƙyanƙyashe, suka shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayi. A cikinta suke hayayyafa, sannan su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a ruwa, musamman da tsakar rana. Da zarar fatar mutum ta taɓa ruwan, sai su huda ta su shige. Ba sai an sha ruwan ba, ba sai da ciwo a jiki ba, kuma mintuna kaɗan sun isa. Daga nan su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai.

Ranar da aka shiga ruwan, wataƙila ɗan ƙaiƙayi kawai za a ji, ko ma ba a ji komai ba. Sai bayan wata biyu zuwa uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsari, wani lokaci da zafi. A lokacin an manta da tafiyar Tiga, ba wanda zai haɗa su.

A wurin aiki muna yawan jin ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji, ko zafin rana ne. Ba haka ba ne. Jini a fitsari ciwo ne, a kowace shekara yaro yake. Idan aka bar tsargiya ta daɗe, tana jawo ƙarancin jini, ta hana yaro girma da mai da hankali a aji, ta lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara bayan shekaru. Ga 'ya'ya mata kuma ƙwayayen suna iya taruwa a al'aura da bakin mahaifa, su kawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, zubar jini da ciwon mara. Sau da yawa akan ɗauka ciwon sanyi ne a yi ta shan maganin da ba nasa ba, wani lokaci ma a zargi yarinya da abin da ba ta yi ba. Idan abin ya yi nisa yana iya taɓa haihuwa.

Abu uku da ake mantawa da su. Alwala da ruwan kanal ko na dam ita ma taɓa ruwa ce, haka wanke hannu, wanke kwano da ɗauraye wa yaro ƙafa. Ki tafi da jarkar ruwanki daga gida. Na biyu, goge jiki da tawul bayan an fito ba ya ba da tabbacin kariya. Na uku, cin kifin Tiga ba ya sa tsargiya. Idan ya soyu ko ya gasu sosai, ku ci abinku.

Idan an riga an shiga fa?

Kada ki tayar da hankali, kuma kada ki doki yaro har ya koyi ɓoye miki. Ki rubuta ranar a wayarki. Idan zazzaɓi, tari ko ƙuraje suka biyo baya cikin 'yan makonni, ki kai shi asibiti ki faɗa musu ya shiga ruwan dam, don kada a tsaya a kan zazzaɓin cizon sauro kaɗai. Idan ba a ga komai ba, bayan kamar wata uku ki kai shi a duba fitsarinsa.

Maganinta sunansa praziquantel. Shi ne ake rabawa kyauta a makarantun firamare lokaci-lokaci. Ana auna shi da nauyin yaro ko tsayinsa, ana sha bayan an ci abinci. Manyan tsutsotsi yake kashewa, shi ya sa shan sa washegarin shiga ruwa ba ya amfani. Kada ki saya a kemis ki ƙiyasta da ka. Kuma maganin ba rigakafi ba ne: wanda ya warke ya koma ruwa zai sake ɗauka.

Ki koya wa 'ya'yanki, maza da mata, cewa duk ranar da suka ga fitsarinsu ya canza launi su gaya miki, ba abin kunya ba ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Guzuri

Ruwan sha shi ne kan gaba, fiye da yadda kike zaton za a buƙata, da wata jarka daban ta alwala da wanke hannu, da sabulu da buta.

Abinci kuma a zaɓi wanda yake jure zafi: gurasa, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyiyar gyaɗa, kilishi, cincin, lemo, ayaba, rake. Dafaffen abinci irin su dafa-duka, dambu ko waina a zuba su da zafinsu a kula mai riƙe zafi, a ci da an isa. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a buɗe, idan ana tsananin zafi kuma awa ɗaya. Kunun aya, fura da nono da kwaɗon da aka riga aka haɗa suna saurin lalacewa, sai da ƙanƙara. Kankana a tafi da ita ɗungurungum, a yanka a can da wuƙa mai tsabta.

A ƙaramar jaka ki sa farasitamol na yara, filasta, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, da fakitin gishirin zawo guda biyu ko uku. Idan babu fakiti, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa nono ya ishe shi, a ƙara yawan ba shi, a ajiye shi a inuwa.

Kada a manta da tabarma, lema, huluna, takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da fasassun kwalabe, fo na ƙananan yara, da babbar leda ta kwashe shara. Sai abu biyu da za su ba ki mamaki: igiya mai tsawo, da jarka fanko mai murfi. Bayaninsu yana tafe.

To me yara za su yi idan ba za su shiga ruwa ba?

Da yawa. Su kalli masunta suna jefa birgi suna jawo koma, su koyi bambance karfasa da tarwaɗa. A yi gasar ƙirga tsuntsaye: balbela, zalɓe, agwagin ruwa. A tafi da ƙwallo da igiyar tsalle a yi wasa nesa da gaɓa. 'Yan mata su yi gaɗa da carafke, maza su yi langa. A ba kowa takarda da fensir ya zana abin da ya gani. Idan Kaka tana cikin tafiyar, ta ba da labarin yadda yankin yake kafin a kawo ruwan. Idan kuma wasan ruwan ne lallai, a cika musu baho da ruwan famfo idan an koma gida, ki zauna kusa da su, a zubar da ruwan da an gama.

Ke ma, uwa, kina da haƙƙin wannan yini. Zama a inuwa, iska tana kaɗawa, ba hayaƙin murhu, ba ƙarar janareta, magani ne ga zuciyar da ta gaji. Shi ya sa ya fi kyau a haɗu gida biyu ko uku, a yi karo-karon kuɗin mota, da iyaye maza a ciki. Hannu da yawa ne zai ba kowace uwa damar ta huta idan ba ita ce mai gadi ba.

Idan abu ya faru, Allah Ya kiyaye

Idan wani ya faɗa ruwa, a yi ihu a kira masunta da mutanen wurin, su suka san ruwan. Wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa, domin sau da yawa mai ceto ne yake zama gawa ta biyu. A kwanta a ƙasa a miƙa gora, sanda ko mayafi, ko a jefa igiya. Jarkar nan fanko, idan murfinta a rufe yake, tana iya riƙe mutum a saman ruwa har a jawo shi.

Idan an fito da shi, a kwantar da shi rigingine a duba ko yana numfashi. Idan yana yi, a juya shi ya kwanta a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Idan ba ya yi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura masa iska baki da baki sau biyar, ana ganin ƙirji yana ɗagawa. Sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau talatin, a hura sau biyu, a ci gaba da haka ba tsayawa har ya farfaɗo ko a isa ga ma'aikatan lafiya. Ga jariri, bakinki ya rufe hancinsa da bakinsa tare, a danna ƙirji da yatsu biyu.

Kada a danna masa ciki, kada a riƙe ƙafafunsa a juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. Iska yake buƙata.

Ko da ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti a ranar, domin wahalar numfashi tana iya tasowa bayan wasu awanni. Akwai babban asibiti a Kura, akwai a Rano, kuma lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Karatu a waya ba ya maye gurbin gwaji da hannu, don haka idan ƙungiyarku ta mata ko Islamiyyarku za ta iya gayyato ma'aikaciyar jinya ko 'yan agajin Red Cross su koyar da wannan, a yi kafin tafiya.

Haƙƙin masu wurin

Mu baƙi ne na yini guda, da jarkarmu muka zo. Matan Kura, Bunkure da ƙauyukan bakin Tiga kuwa da wannan ruwan suke rayuwa. A ciki ake dashen shinkafa, a bakinsa ake wanki, 'ya'yansu a nan suka tashi. Ba za a ce musu kada su taɓa ruwa ba sai an ba su rijiyar burtsatse da makewayi. Ga 'yar'uwar da ke karanta wannan daga can: ruwan wanka da aka ɗebo daga kanal, idan aka ajiye shi a rufe kwana biyu, ƙwayar tsargiya tana mutuwa, haka idan aka tafasa shi. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa magani. Kuma ranar da aka zo rabon magani a makaranta, ki ba yaro abinci ya ƙoshi, ki bar shi ya karɓa.

Mu kuma masu zuwa yawo, kada mu ƙara musu kaya. Kada wani ya yi fitsari ko bayan gida kusa da ruwa. Ledar da muka yar ita ce za ta toshe kanal ɗin da ke kai ruwa gonar wani, ko akuyarsa ta haɗiye. A kwashe komai a dawo da shi gida.

Idan la'asar ta yi, a naɗe tabarma, a ƙirga yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin mota ta tashi. A tsaya a hanya a sayi kwandon tumatir da albasa, a raba wa maƙwabta tsaraba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya raya mana zuri'a.